Murzajjen Dankalin Turawa Na Ranar Sallah: Nazarin Abin Da Ya Faru A Wani Gida A Kano

Gidan da yadda abin ya samo asali

Gidan a cikin birnin Kano yake, babban gida ne irin wanda ranar Sallah kowa ke hallara: 'ya'ya, jikoki, surukai, ga kuma maƙwabtan da ake kai wa kwano. Uwargidan da wannan nazari ya shafa ita ce matar babban ɗa, don haka tukwanen Sallah a wuyanta suke. Mutum 25 zuwa 30 ne ke cin abincin rana a gidan. Abin da aka saba shi ne tuwon shinkafa da miyar taushe, waina da farfesun kaji, in Babbar Sallah ce kuma a ƙara da kayan ciki da soyayyen nama.

Murzajjen dankalin turawa ya shiga jerin ne saboda surukarta. Tsohuwar ta haura shekara 80, haƙora sun zube, nama ya fi ƙarfinta, tuwo kuma yana yi mata nauyi a ciki. Wata jikarta da ta koyi girke-girke ta taɓa yi mata shi da madara da bota, aka zuba romon kaza a kai, ta cinye tas har ta nemi ƙari. Yara suka ɗanɗana, suka ce su ma shi za a riƙa yi musu. Kafin a ankara, abin da aka fara da ɗan kwano ɗaya ya koma na kilo 5.

Fere kilo 5 da dafawa da murzawa suna cin kusan awa 2, ga kan murhu guda da za su riƙe, a safiyar da ake toya waina ana shirya yara zuwa idi. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ta ƙudura cewa za ta riƙa gama shi tun kafin ranar.

Abin da take da shi: gas mai kai 2, murhun gawayi, firij, firiza mai murfi a sama, da manyan kuloli. Wuta tana zuwa tana tafiya ba tsari, janaretan gidan kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar firiza. Dankalin a kasuwar Yankaba ake sayo shi, kuma kamar mafi yawan wanda ke shigowa Kano, daga Filato yake zuwa, yankunan Bokkos da Mangu. Da yawa daga cikin irin da ake nomawa a can, kamar Nicola, mai ƙarfin jiki ne da ba ya saurin wargajewa a tukunya. Irin wannan ya fi dacewa da suya da fate, kuma ya fi saurin yin danƙo in aka matsa masa da murza.

Ƙaramar Sallah, Laraba 10 ga Afrilu 2024

Azumin shekarar ya cika 30, saboda haka tun daren Litinin an san Laraba ce Sallah. Ranar Talata bayan sallar isha'i ta yanka dankalin ƙanana ƙanana don ya yi saurin nuna, ta zuba a ruwan da ya riga ya tafasa. Da ya yi laushi ta tsame, aka juye a turmi aka kirɓa shi sosai har ya haɗe, sannan ta zuba madarar gwangwani da bota, aka ƙara kirɓawa. Wajen ƙarfe 11 na dare ta kwashe da zafinsa ta zuba a babbar kula, ta rufe gam.

Ba a buɗe kular ba sai ƙarfe 12 na ranar Sallah, awa 13 ke nan. Murfin ya yi gumi, ruwa ya kwanta a saman abincin. Da aka sa cokali aka ɗaga, sai ya biyo cokalin yana jan jiki kamar sakwara. Ba shi da zafi kuma bai huce ba, ɗumi ne kawai, ga ɗan warin tsami yana tashi daga tsakiya.

Wata ƙanwar maigidan ta ce, "Yaya, a mayar da shi wuta mana, ai ko tuwo ya kwana ɗumame ake yi." Uwargidan ta sake shinshinawa ta ce, "Wannan da madara a ciki, ba zan ba Hajiya ba." Aka zubar da shi duka. Tsohuwa ta ci waina da aka jiƙa mata da romo.

Babbar Sallah, Lahadi 16 ga Yuni 2024

A wannan karon ta sauya abu biyu. Ta ajiye turmi ta ɗauko bilenda, a tunaninta rashin laushi ne ya kawo danƙon. Ta kuma bar kula ta koma firij.

Ta dafa ranar Asabar da yamma, ta markaɗa kashi-kashi tare da madara, ta juye duka a tukunya ɗaya mai zurfi. Ta bar ta a kicin kusan awa 3 wai ta sha iska, sannan ta tura ta firij wajen ƙarfe 9 na dare. Firij ɗin a cike yake da zoɓo, kunun aya da ruwan sha, yara kuma ba su daina buɗewa ba sai da suka yi barci. Cikin dare aka yi iska mai ƙarfi, aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba har gari ya waye.

Da safe gefen tukunyar ya yi sanyi, amma da ta tura cokali tsakiya ta taɓa shi a bayan hannunta ba ta ji sanyin kirki ba. Dankalin ya sandare ya zama curi guda, ruwa ya taru a kewayensa. Ta ɗora tukunyar kai tsaye a kan gas. Ƙasan ya kama ya fara ƙauri tun saman bai ɗau zafi ba, kuma duk juyawar da ta yi da muciya danƙon ƙaruwa yake. Ya ma fi na turmi. Wannan ma ba a ci ba. Ana tsakiyar gyaran kayan ciki ta wanke hannu ta fere dankali 'yan ƙwayoyi ta yi wa tsohuwa sabo, wato aikin da take gudu shi ta yi, a lokacin da ya fi kowane matsi.

Daga Yuli 2024 zuwa Fabrairu 2025

Bayan asarar kilo 10 ta daina gwaji a kan abincin taro. Ta koma yin rabin kilo a ranakun da ba kowa, ta kuma sayi ɗan ma'aunin zafi na girki, mai tsinke da ake cusawa cikin abinci. Jikar nan da ta koyi girki ta zauna da ita, suka raba matsalar gida biyu, domin danƙo daban, lalacewa daban.

Danƙon daga sitaci yake. Jikin dankali cike yake da ƙananan ƙwayoyi, kowace da sitaci a ƙunshe a cikinta. In zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, sitacin ya sha ruwa ya kumbura. Muddin ƙwayoyin suka rabu da juna ba tare da sun fashe ba, abincin zai yi laushi ya yi sako-sako a baki. In taɓarya ko wuƙar bilenda ta farfasa su, sitacin ya fito ya haɗu da ruwa, shi ne danƙon da ba ya gyaruwa. Hannun da ya saba da tuƙa tuwo da kirɓa doya neman wannan haɗewar yake yi, kuma a can daidai ne. A nan akasinsa ake so, shi ya sa ƙwararriyar mai tuwo ta fi sabon shiga saurin ɓata shi.

Sandarewa da fitar ruwa kuwa halin sitaci ne in ya huce: yana sake tsukewa ya matso ruwan da ya sha. Mai ne ke rage wannan, domin yana lulluɓe sitacin.

Ga yadda hannunta ya zauna bayan gwaje-gwajen. Tana yanka dankalin manya, kowane gida 2 ko 4, saboda ƙanana sun fi shan ruwa. Tana zubawa a ruwan sanyi da gishiri sannan ta kunna wuta, don ciki da waje su nuna tare. Minti 20 zuwa 25 bayan tafasa, in wuƙa ta shige ba turjiya, sai ta tsiyaye ruwan ta mayar da tukunyar kan ƙaramar wuta minti 2 ko 3 tana girgizawa, har tururi ya ragu, gefen dankalin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Da zafinsa take tura shi ta rariyar ƙarfe da bayan ludayi, sau ɗaya tak. Bota ce ke fara shiga, giram 100 ga kowane kilo, sai ta narke ta bi jikinsa sannan madara mai ɗumi ta biyo, kimanin kofi ɗaya ga kilo. Juyawar ba ta wuce 'yan kaɗan ba, da cokalin katako, daga ƙasa zuwa sama. Ta gwada man shanu zalla, tsohuwa ta yaba, yara suka ce ƙamshin ya yi yawa, aka tsaya a rabi da rabi. Madarar gari da aka dama da tafasasshen ruwa da ɗan kauri ta yi aiki daidai da ta gwangwani.

Ɓangaren lalacewa shi ne ma'aunin ya buɗe mata ido a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki, a ajiye shi ƙasa da digiri 5 ko a riƙe shi sama da 60. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta rage wa'adin zuwa awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32, wanda a Kano daga Maris zuwa Mayu kusan kullum ne, rana takan kai 40. Kula ba ta ƙara wa abinci zafi, rage saurin hucewarsa kawai take yi. Da ta auna tata, sai ta ga cikin 'yan awanni abincin ya sauko ƙasa da 60, daga nan kuma ya zauna cikin ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so har safe. Akwai irinsu, kamar Bacillus cereus da ke son abinci mai sitaci, waɗanda tafasa ba ta gamawa da su, kuma dafin da suke saki ba ya mutuwa da ɗumamawa. Tukunya mai zurfi ita ma haka take yi ko a cikin firij ne: gefe ya yi sanyi, tsakiya ta daɗe da ɗumi. Ƙa'idar ita ce kada kaurin abincin da ake son ya huce ya wuce santimita 5. Firij kuma, in an ɗauke wuta, kusan awa 4 yake riƙe sanyinsa, shi ma sai in ba a buɗe shi ba.

Ƙaramar Sallah, Lahadi 30 ga Maris 2025

Ƙaramar Sallah tana da wata matsala tata da littattafan girkin Turai ba su san da ita ba: ba a sanin ranar sai daren 29 ga azumi. Wanda ya dafa da yamma yana zaton gobe ne, in ba a ga wata ba abincinsa ya ƙara kwana. Saboda haka ranar Asabar ba ta taɓa dankalin ba sai da sanarwar Sarkin Musulmi ta fito cewa an ga wata.

Daga nan aka zauna fere, ita da 'yanmata biyu. Aka yanka manya, aka wanke, aka zuba a babbar kula, aka cika da ruwa har ya rufe dankalin, aka jefa ƙanƙara manya guda 2 da aka sayo a unguwa. Ruwan yana hana shi yin baƙi, ƙanƙarar tana hana ruwan yin tsami. Ta auna bota da man shanu da garin madara ta ajiye gefe, ta wanke rariya da ludayi. Ba a kunna wuta ba a daren.

Bayan sallar asuba akwai sauran ƙanƙara a kular. Ta canza ruwa ta ɗora a murhun gawayi don gas ya samu sararin waina. Dankalin da ya kwana a ruwa ya ɗan fi shan ruwa, sai ta ƙara masa minti 2 wajen busarwa. Tura kilo 5 ta rariya ya ɗauki mutum biyu kusan minti 40, kuma aiki ne mai gajiyar da kafaɗa. Kafin ta kwashe ta cika wata kula da tafasasshen ruwa ta rufe minti 10, ta zubar, ta goge, sannan ta juye dankalin yana sama da digiri 70. Ta shimfiɗa tsaftataccen tawul ƙarami ƙarƙashin murfin don ya tare gumin. Ƙarfe 8 da rabi ke nan.

An ci ƙarfe 11 da rabi, ma'auni yana nuna 62. Ba danƙo, ba ruwa, ba tsami. Tsohuwa ta ce, "Yau kam kin yi shi, Allah ya yi miki albarka." Abin da ya rage ba a mayar da shi kula ba, an raba wa yara a take.

Sai dai safiyar ba ta yi sauƙin da ta so ba. Feren kawai aka rage, dafawa da murzawa suna nan, kuma 'yanmatan da suka taya ta ba su samu zuwa idi ba.

Babbar Sallah, Juma'a 6 ga Yuni 2025

Babbar Sallah ana sanin ranarta tun kwana 9 ko 10 kafin ta zo, kuma kafin a yanka rago firiza tana da fili. Ta yi amfani da duka biyun.

Tun ƙarshen mako ta cika ƙasan firizar da ledojin fiya wata suka daskare. Dalilin shi ne firizar da ke cike tana riƙe sanyi kusan awa 48 in ba a buɗe ba, wadda ke rabi kuma kusan 24. Ranar Talata 3 ga Yuni da safe, da wuta a gari, ta yi dankalin kilo 5 daga farko har ƙarshe, amma ta riƙe kashi ɗaya cikin uku na madarar ba ta zuba ba. Ta baza shi a farantan silba masu faɗi, ta ɗora su a kan daskararrun ledojin ruwa a cikin baho. Cikin ƙasa da awa 1 ya huce. Ta zuba a ledojin firiza masu zif, kilo ɗaya a kowace, ta danne da tafin hannu har suka baje, kaurin bai wuce yatsu biyu ba, ta fitar da iska ta rufe. Ta jera su tsakanin ƙanƙarar, leda ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Leda guda ta yi ta daban. Likita ya ce maigidan ya rage maiƙo, don haka nasa kason cokali ɗaya kawai na bota ta sa.

Daren Laraba aka ɗauke wuta sai washegari da hantsi. Ta hana kowa ɗaga murfin firizar, ruwan sha aka koma saye. Da wuta ta dawo ta duba, ledojin suna nan da ƙarfi kamar yadda ta bar su.

Safiyar Juma'a ƙarfe 9 ta fito da su tun kafin ɗanyen nama ya kusanci firizar. Ta ɓare ledojin ta karya dankalin a tukunya, ta ɗora tukunyar a bakin wata babba mai tafasasshen ruwa, ta rufe. Bayan minti 15 ta buɗe, gabanta ya faɗi: ya narke ya tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe. Jikar ta ce, "Umma, ki ƙyale shi, sai ya yi zafi sosai zai haɗe." Ta juya sau biyu ta mayar da murfi. Da zafin ya haura 60 sitacin ya sake shanye ruwan, abin ya fara komawa jikinsa. Ta ɗumama ragowar madarar da ɗan bota ta zuba, ta juya a hankali, ta jira sai da ma'auni ya nuna 75 a tsakiya. Duka duka minti 45, kuma mafi yawansu tana wajen suyar hanta.

Waɗanda suka ci na Maris suka ci wannan ba su ce sun ji bambanci ba, sai jikar da ta ce na Maris ya ɗan fi sauƙi a baki. Na maigidan, da aka ɗumama daban, bai haɗe sosai ba. Ya yi gari-gari a harshe, ruwa kuma yana ɗan fita a gefen faranti.

Abin da nake gani

Karon farko da na biyu kuskure iri ɗaya ne a cikinsu, ko da yake kayan aikin sun bambanta. A duka biyun an farfasa dankalin, kuma a duka biyun ya kwana da ɗumi. Farfasawar tana ɓata daɗi ne kawai. Kwana da ɗumin shi ne ya fi damuna, domin waɗanda ake yi wa abincin, tsohuwa da ƙananan yara, su ne amai da gudawa ke saurin kayarwa. Zubar da kilo 10 da ta yi ya yi zafi a aljihu, amma daidai ta yi. Tsamin da ta ji ma sa'a ce, don abinci yana iya lalacewa hanci bai ji komai ba.

Hanyar firiza ita ce ta biya buƙatar da ta sa aka fara, wato sauke aikin daga safiyar Sallah. Ta yi aiki ne saboda abu uku sun haɗu: an huce da shi da sauri a baje, an daskarar da shi tsakanin ƙanƙarar da ke iya jure ɗaukewar wuta, kuma akwai isasshen mai a ciki. Ledar maigidan ta nuna abin da ke faruwa in na ukun ya yi ƙaranci. Wanda aka hana maiƙo gara a yi masa sabo ranar, ɗan kaɗan ne, ba zai ci lokaci ba.

Ban ga dalilin dogara da firij ba a gidan da wuta ba ta da tabbas, ko da an baza abincin a faranti. Inda akwai sola ko inbata mai riƙe firij dare da rana, ana iya yin sa kwana 1 ko 2 kafin Sallah a ajiye a rufe, a ɗumama a kan ruwan zafi kamar yadda ta yi. Gidan da ba firiza kuma, hanyar Maris ta ishe shi: a fere da dare a kwana a ruwan ƙanƙara, a dafa da asuba, a riƙe a kular da aka ɗumama, a ci kafin awa 3 ko 4 su wuce. Ita ce ma ta fi dacewa da Ƙaramar Sallah in firizar gidan cike take da kayan azumi. In kuwa da fili, daskararren ba ruwansa da ko an ga wata ko ba a gani ba, kwana ɗaya ƙari ba ya yi masa komai. Abin da ya rage bayan an ɗumama shi sau ɗaya ba a sake mayar da shi firiza, don haka ledojin kilo ɗaya-ɗaya suka fi: a fito da iya wanda za a ci, sauran su jira baƙin washegari.